Usur da Bakin Koci: Daga Ina Fot Teknik Ta Fito?

Bara, a wani wasan ƙwallon kwando tsakanin makarantu biyu, abokinmu ɗan ajin ƙarshe na lise ne ya riƙe usur. Kocin ɗaya ƙungiyar kuwa malami ne, dattijo, ya haife shi ya haifi yayansa. Tun kashi na biyu mushe ya fara: "Kai yaro, makaho ne kai? Wa ya ba ka usur ɗin nan?" Yaro ya yi kamar bai ji ba. Kashi na uku mushe ya tako cikin fili, ƴan wasansa suka ɗauki faɗan, ƴan kallo suka karɓa, wasa ya ƙare da ture-ture. Da muka tambayi abokin namu me ya hana shi busa fot teknik, sai ya ce: "Haba, mutumin da nake durƙusawa in gaida?" Wannan amsar ce ta sa na koma tarihi in ga yadda aka yi wannan hukunci ya samu.

A watan Disamba na 1891 ne James Naismith, ɗan Kanada mai koyar da motsa jiki a garin Springfield na Amurka, ya ƙirƙiro wasan. Ya rubuta dokoki 13. A ciki akwai alƙalai biyu, ɗaya yana lura da ƴan wasa da laifuffukansu, ɗaya yana lura da ƙwallo da lokaci. Akwai hanin turi da riƙo da taɗiya da duka. Amma ko sau ɗaya ba a ambaci koci ba. Shi Naismith a ganinsa wasa ne da yara za su buga da kansu, ba abin da wani zai tsaya gefe yana ba da umarni ba. Ke nan alƙalin farko bai san wata damuwa ta bakin koci ba, don babu kocin ma.

Da wasan ya shiga jami'o'in Amurka, aka fara ƙirga nasara da kunya, sai masu horarwa suka bayyana, da su da muryoyinsu. Maganin farko da aka gwada shi ne kulle baki gaba ɗaya. A dokokin jami'o'i na kakar 1910 zuwa 1911 an hana duk wani na ƙungiya ba ƴan wasa umarni ana cikin wasa. Wanda ya yi, a gargaɗe shi, in ya sake a ba abokan karawa jifan kyauta. Ku lura da wannan tsari, ƴan uwa: gargaɗi tukuna, sannan hukunci, kuma hukuncin kan ƙungiya yake faɗawa, ba kan aljihun mutum ba. Shi ne kakan fot teknik ɗin da ake busa wa koci yau, wato laifin da ba taɓa jikin kowa aka yi ba, ɗa'ar wasa aka taka.

Hanin ya daɗe. Sai a kakar 1948 zuwa 1949 aka yarda koci ya yi magana da yaransa lokacin ɗan hutun da ƙungiya ke nema. To, bakin da aka buɗe don yara, da wuya ya tsallake alƙali. Red Auerbach, wanda ya horar da Boston Celtics daga 1950 zuwa 1966 ya ci kofin NBA sau 9, ya mai da gardama da alƙalai wani makami. Yana yi don ya zuga yaransa, yana yi don busa ta gaba ta zo masa da sauƙi. A 1967 har a wasan taurari, wasan nishaɗi da ba kofi a cikinsa, sai da aka kore shi daga fili.

Abin ya kai maƙura ranar 23 ga Fabrairu 1985. Jami'ar Indiana tana karawa da Purdue. Kocin Indiana, Bob Knight, ya yi ta faɗa kan wata busa har aka ba shi fot teknik. Ɗan wasan Purdue ya tsaya zai yi jifan kyauta, sai Knight ya sunkuci kujera ya wurga ta, ta ratsa fili tana gungurawa. Aka kore shi, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Abin mamaki, a wannan kakar ce aka fara shata wa kociyoyin jami'o'i iyaka a gefen fili, wurin da ba za su wuce ba. Layi ya tsai da ƙafa, bai tsai da kujera ba.

Daga nan hukunci ya yi ta ƙaruwa, musamman a NBA, inda kowace fot teknik take zuwa da tarar kuɗi, biyu a wasa ɗaya kuma kora ce. A kakar 2000 zuwa 2001 ɗan wasan Portland, Rasheed Wallace, shi kaɗai ya tara 41. Bayan ƴan shekaru aka kafa doka cewa duk wanda ya kai 16 a kaka ɗaya zai zauna wasa guda a gida.

Amma kada ku ɗauka tarihin nan na kociyoyi da ƴan wasa masu zafin kai ne kawai. Usur ma yana hawa kan mai shi. A watan Afrilu na 2007, a wasan San Antonio da Dallas, tsohon alƙali Joey Crawford ya ba Tim Duncan fot teknik ta biyu ya kore shi, alhali Duncan yana zaune kan benci, dariya kawai yake yi. Shugaban NBA na lokacin, David Stern, ya dakatar da Crawford har ƙarshen kaka, shi kuma Duncan aka ci shi tarar dala 25,000 saboda maganar da ya yaɓa wa alƙalin. Ranar nan duniya ta ga cewa fot teknik don kare wasa aka yi ta, ba don alƙali ya huce haushinsa ba.

Mataki na baya-bayan nan ya fi duk na da hikima. A 2019 NBA ta ba koci damar ya ƙalubalanci busa, a koma a kalli bidiyo. FIBA, hukumar duniya, ta kawo irin tata a 2022. Bayan shekaru fiye da 100 ana ƙoƙarin rufe bakin koci, sai aka gane gara a yi masa ƙofa. Mai ƙofa ba ya haura katanga.

Mu nan dokokin FIBA muke bi, kuma ba mu da bidiyo a filayen makarantunmu, amma matakan suna nan a rubuce. Koci yana iya tambayar alƙali cikin ladabi idan ƙwallo ta tsaya, agogo ma ya tsaya. Mutum ɗaya ne zai tsaya a gaban benci, kuma cikin iyakarsa. Alƙali yana da damar ya yi gargaɗi kafin ya hukunta. Idan aka maimaita, ko aka yi zagi, sai ya busa, ya haɗa tafin hannu da yatsu kamar harafin T, abokan karawa su yi jifan kyauta ɗaya. Koci ya samu biyu na halinsa, ko uku idan aka haɗa da na mutanen bencinsa, ya fita.

Ƙwararrun alƙalai haka suke tafiyar da abin. Tambaya, a amsa ta a taƙaice. Ƙorafi, a saurara sau ɗaya. Idan ya yi yawa, a ɗaga hannu a ce ya isa, yadda kowa zai gani. Bayan wannan sai busa, ba tsawa, ba zare ido, a juya a ci gaba da wasa.

Inda abokinmu ya yi kuskure ba rashin kunya ba ne, kunyar ce ta yi yawa. Ya tsallake matakin gargaɗi don yana jin nauyin mushe, har abin ya wuce inda busa za ta gyara. Da tun kashi na biyu ya matsa kusa ya ce, "Mushe, na ji ka, don Allah a tsaya nan," da ya ba dattijo girmansa, ya kuma ba doka nata. In mushe ya sake, busar da za ta biyo baya ba raini ba ce, kowa ya ga an bi hanya.

Ku kuma manyanmu masu horarwa, yaran da ke kan benci ku suke kallo. Yadda kuka yi wa mai usur yau, haka za su yi wa na gobe. Idan kowane ɗalibi da ya riƙe usur ya koma gida da zagi, wata rana za mu zo fili da ƙwallo da kwando da ƙungiya biyu, mu rasa wanda zai busa a fara.