Tarihin Kiɗan Sallah a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san yadda zuciya kan bar aji ta tafi gida da zarar azumi ya raba tsakiya. Ba sabon ɗinki da tuwon Sallah kaɗai muke ɗoki ba, har da kiɗa. To, wannan kiɗa yana da tarihi, kuma shi nake son mu ɗan waiwaya.

Kiɗa a wannan yanki ya girmi masarautun da muka sani. A Birnin Kudu akwai duwatsun da in an buga su sukan yi amo kamar ƙarfe, kusa da kogunan da ke ɗauke da zane-zanen mutanen dā. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarar 1956. Ke nan tun da daɗewa, mutanen ƙasar nan suna da abin da suke kaɗawa ranar farin ciki.

Kiɗan fada kuwa daga baya ya zo. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano. Da ma tambari da kakaki ba na kowa ba ne, alamun sarauta ne. Shi ya sa a daren jajibere, idan aka ji tambari daga fada, ba a bukatar mai shela: an ga wata, gobe Idi. Tsohuwa ta ɗora tukunya, tela ya ƙara wa fitila mai, mu kuma barci ya ƙaurace mana.

Shekaru masu yawa Dutse tana ƙarƙashin Kano, kuma al'ada ce hakimai su tafi birni da dawakansu da makaɗansu su yi hawa a can. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Dutse ta zama masarauta, aka soke wannan a 1983. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, sai kiɗa ya juyo gida. Hakiman Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Kiyawa suka riƙa hallara a Garu, kowa da tawagarsa. A zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, daga 1995 zuwa 2023, yara da dama suka tashi ba su san wata Sallah ba sai ta hawan Dutse.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka hayaniya ce kawai, alhali kuwa magana ake yi. Kowane basarake yana da takensa, kuma dattijo yana zaune a ƙofar gida zai gaya maka wanda ke tafe tun kafin ƙurar dawakansa ta bayyana. Algaita tana kirari, kotso da taushi suna amsawa, maroƙi yana jero sunayen iyaye da kakanni. Wannan shi ne darasin tarihi na farko da yawancinmu muka samu, tun kafin malam ya rubuta mana shi a allo.

Talaka ma ba a bar shi a baya ba. Tun daga goma ga azumi yara ke fita tashe da gwangwanaye da ƙwarya, suna ba da dariya tare da yi wa manya hannunka-mai-sanda. Ranar Sallah da la'asar 'yan mata su cika dandali da gaɗa, mai kalangu yana tsakiya, matan aure kuma suna shantu a cikin gida. Da rediyo da kaset suka yawaita, muryoyin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Barmani Coge suka shiga kowane zaure. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013.

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana hawa a masarautu da dama, an yi Sallah, an ci, an sha, amma kowa ya ji akwai abin da ya ɓace. A nan ne muka gane cewa wannan kiɗa shi ke haɗa sarki da talaka, ɗan birni da ɗan ƙauye, a fili guda.

Abin damuwa shi ne, sana'ar gado ce, kuma 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu hanyoyin neman abinci. Idan tsohon mabushi ya rasu bai koyar ba, taken gidaje da dama sun bi shi kabari. Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara: a Sallar da ke tafe, kowane reshe ya nemi tsohon makaɗin garinsu, a ɗauki muryarsa, a rubuta ma'anar kowane take, a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu. Wayar da ke aljihunmu ta isa wannan aiki.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka rasu, Ya maimaita mana, amin.