Jami'ar da Ta Je Gidan Ɗalibi: Tarihin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya

A ranar 3 ga Janairun 1971 tashar talabijin ta BBC2 ta fara watsa darussan wata sabuwar jami'a a Birtaniya. Jami'ar ba ta da ɗakunan kwanan ɗalibai, ba ta da manyan zaurukan lacca, kuma ba ta nemi takardar shaidar kammala sakandare daga hannun kowa ba. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kai shekara 21. Fiye da mutum 40,000 suka nemi gurbi, aka ɗauki kimanin 25,000 bisa ƙa'idar wanda ya riga ya riga. Cikinsu akwai malaman makaranta masu yawa, da ma'aikatan ofis, da matan aure, da mutanen da suka bar makaranta tun suna shekara goma sha biyar. Sunanta Buɗaɗɗiyar Jami'a. Tarihinta ya shafi tambayar da jami'o'i ke fama da ita har yau: idan aka shigo da na'ura cikin koyarwa, me ake bukata kafin karatun ya ginu a kan ɗalibi, lokacinsa da halin da yake ciki?

Asalin tunanin

A farkon shekarun 1960, kimanin huɗu cikin ɗari na matasan Birtaniya ne ke samun shiga jami'a, kuma akasarinsu 'ya'yan masu hali ne. Masanin zamantakewa Michael Young ya yi rubutu a 1962 yana kira da a kafa jami'ar da za ta koyar da mutane a inda suke. A watan Satumban 1963, Harold Wilson, jagoran jam'iyyar Leba, ya ɗauki batun zuwa fagen siyasa a wani jawabi da ya yi a Glasgow, inda ya yi alkawarin jami'ar da darussanta za su riƙa isa ga jama'a ta rediyo da talabijin.

Abin da ya ja hankalin Wilson shi ne na'urar. Talabijin ta shiga yawancin gidaje, kuma a ganinsa babu dalilin da zai hana babban malami ɗaya ya koyar da dubban mutane a lokaci guda. Bayan ya zama firaminista a 1964, ya danƙa aikin a hannun Jennie Lee, ministar al'adu, 'yar wani mai haƙar kwal daga Sikotland. Ita ce ta sauya alƙiblar shirin. Ta kafe a kan abubuwa biyu: dole ne ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirin da darajarsa ta kai ta kowace jami'a, kuma dole ne ƙofarta ta kasance a buɗe ga wanda bai da takardar komai. Ma'aikatar kuɗi ta yi ta jan ƙafa, manyan malaman jami'o'i da dama suka yi wa shirin dariya, amma Lee ba ta ja da baya ba. A watan Afrilun 1969 jami'ar ta sami takardar izinin kafuwa, aka ba ta mazauni a Walton Hall da ke sabon garin Milton Keynes.

Sharuɗɗan nan biyu na Lee su suka haifar da wahalar da ta tilasta wa jami'ar yin sabon tunani. Jami'ar da ke tace ɗalibanta tun daga ƙofa tana iya koyarwa yadda ta ga dama, domin ƙwararren ɗalibi zai nemi hanyarsa. Wadda ta karɓi kowa, kuma ta ƙi sassauta jarrabawa, ba ta da mafita sai ta inganta koyarwar kanta.

Yadda aka tsara karatun

Shugaban jami'ar na farko, Walter Perry, farfesan ilimin magunguna ne daga Jami'ar Edinburgh. Shi da abokan aikinsa sun gane da wuri cewa talabijin ba za ta iya ɗaukar nauyin digiri ba. Lokacin watsa shirye-shirye kaɗan ne, kuma a wancan zamani ɗalibi ba ya iya tsayar da shiri ko ya maimaita abin da ya wuce shi. Saboda haka aka mai da rubutaccen darasi ginshiƙin karatu. Ana aika wa ɗalibi littattafan darasi ta gidan waya, an rubuta su kamar malami na zaune kusa da shi yana yi masa bayani, da tambayoyin gwada kai a tsakiyar babi, da amsoshinsu a ƙarshe. Talabijin da rediyo suka zama ƙaramin kaso na lokacin karatu, ana amfani da su wajen nuna abin da takarda ba za ta nuna ba, kamar gwajin kimiyya ko wasan kwaikwayo.

Hanyar shirya darasin ma ta bambanta. A jami'o'in da aka saba, malami ne ke rubuta laccarsa shi kaɗai, ya rufe ƙofar aji, babu mai ganin abin da ya koyar. A nan kuwa ƙungiya ce ke shirya kowane kwas: malaman fannin, da editoci, da masu shirya shirye-shiryen BBC, da ƙwararru a kan yadda mutane ke koyo. Kowane babi sai an karanta an soke shi an sake rubuta shi kafin ya tafi ɗab'i. A 1970 jami'ar ta kafa cibiya ta musamman don nazarin fasahar koyarwa, aikinta bin diddigin inda ɗalibai ke tuntuɓe, domin a gyara darasin.

Ɗaliban kimiyya kuwa ana aika musu akwatin gwaji har gida, da sinadarai da kwalabe da ƙaramin madubin ƙara girman abu, su yi gwaji a kan teburin cin abinci. Digiri an raba shi kashi-kashi: wanda ya ci kashi shida ya sami digiri, wanda ya ci takwas ya sami digiri mai daraja, kuma yana iya dakatawa idan haihuwa ko rashin lafiya ko aiki ya taso, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Sai kuma abin da ba a gani a talabijin, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin. An ɗauki dubban malaman wucin gadi a duk faɗin ƙasar, kowannensu da ƙaramin rukunin ɗalibai. Ɗalibi yana aika aikinsa ta gidan waya, malamin ya duba ya mayar masa da dogon sharhi a rubuce, yana nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni da yadda zai gyara. Jami'ar kuma tana ɗaukar samfurin ayyukan da aka duba don ta auna ingancin sharhin malaman. Akwai cibiyoyin karatu a garuruwa inda ake haɗuwa da yamma, da makarantar bazara ta mako guda a harabar wata jami'a. A 1973 aka yaye rukunin farko, kusan mutum 900.

Saura ƙiris jami'ar ta mutu kafin ta fara. A watan Yunin 1970 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta karɓi mulki, kuma sabon ministan kuɗi, Iain Macleod, ya taɓa kiran shirin shirme. Ya rasu bayan wata guda a kan mulki. Ministar ilimi, Margaret Thatcher, ta bar jami'ar ta ci gaba, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne tana samar da masu digiri a kan kuɗi ƙasa da na sauran jami'o'i.

Na'ura na canzawa, tsari na nan

Cikin shekaru talatin da suka biyo baya, kayan aikin sun yi ta sauyawa. Kaset ɗin rediyo da na bidiyo sun ba ɗalibi ikon da talabijin ta hana shi: ya tsayar, ya maimaita, ya saurara a lokacin da ya samu sarari. A 1988 jami'ar ta gwada tattaunawa ta kwamfuta tsakanin ɗalibai da malamai a wani kwas na fasahar sadarwa, tun kafin yawancin mutane su ji kalmar intanet. A ƙarshen shekarun 1990 ta fara kwas da ake yi kacokan ta intanet. A watan Disambar 2006 aka watsa darasin ƙarshe ta talabijin. Na'urar da Wilson ya gina mafarkinsa a kanta ta fita daga tsarin, jami'ar kuma ba ta girgiza ba, domin rubutaccen darasi da malamin da ke duba aiki suna nan.

Bayan 'yan shekaru duniya ta sake gwada tunanin Wilson a sabuwar riga. A 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe kwas ɗinsu na Jami'ar Stanford a kan ƙirƙirarriyar basira ga kowa ta intanet. Kimanin mutum 160,000 suka yi rajista, kusan 23,000 suka kammala. A 2012 aka kafa Coursera da Udacity da edX, aka yi ta hasashen cewa kwanan jami'o'in da aka saba ya ƙare. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, wanda ya duba kwasa-kwasan Harvard da MIT a dandalin edX, ya gano cewa kimanin uku cikin ɗari ne na masu rajista ke kammalawa, kuma akasarin masu amfana mutanen ƙasashe masu arziki ne. Bidiyon yana da kyau, malaman shahararru ne, amma babu wanda zai lura idan ɗalibi ya daina zuwa. Mai ilimi a hannu ya ƙaru, wanda ya fi bukata kuwa ya ɓace a hanya.

Ita ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ga abin da ke faruwa idan aka taɓa wannan ginshiƙi. A 2012 gwamnati ta ninka kuɗin jami'a a Ingila, yawan ɗalibai masu haɗa karatu da aiki ya faɗi warwas. Jami'ar ta shiga matsin kuɗi, a 2015 ta yanke shawarar rufe bakwai daga cikin ofisoshinta na yankuna, abin da ya jawo yajin aikin ma'aikata. A 2018 shugabanta, Peter Horrocks, ya yi murabus bayan takaddama da malamai a kan shirin rage kashe kuɗi da ƙara dogaro da intanet.

Inda tarihin ya taɓa Nijeriya

Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin. Pakistan ta kafa jami'ar da yanzu ake kira Allama Iqbal a 1974, Indiya ta kafa ta Indira Gandhi a 1985. A Nijeriya, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malaman firamare ta hanyar karatu daga nesa. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000, zamanin Olusegun Obasanjo, aka farfaɗo da ita. Bukatar kuwa ba ta ragu ba: a 'yan shekarun nan fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zama jarrabawar JAMB kowace shekara, gurabe kuma ba su kai ba.

Tun bayan annobar korona a 2020, jami'o'i da yawa sun sayi manhajojin koyarwa, sun buɗe sassan karatu daga nesa. Ga shugaban jami'a da ke duba kasafin irin wannan shiri, tarihin Milton Keynes yana ba da ma'auni mai sauƙi. Ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya? Kwana nawa aikin ɗalibi ke yi kafin ya dawo masa da sharhi? Wa ke karanta darasin kafin a ɗora shi, kuma wa ke kiran ɗalibar da ba a ji ɗuriyarta ba tsawon mako uku? Waɗannan su ne sassan da suka fi cin kuɗi, kuma su aka fi saurin yankewa, domin ba a iya nuna su a bikin ƙaddamarwa. Su ne kuma Jennie Lee da Walter Perry suka biya kuɗinsu a 1971, lokacin da babbar fasahar da ke tsakanin malami da ɗalibi ita ce ambulan da kan sarki.