Yadda Yoga Ta Bar Ɗakin Malami Ta Shiga Dandalin Mawaƙa

Yoga daga ƙasar Indiya ta fito. Mutane da yawa suna tsammani dukan miƙe-miƙen jikin da ake gani a cikinta sun shekara dubbai, amma tarihi bai nuna haka ba.

Littafin da ake ɗauka shi ne tushen yoga na wani malami ne mai suna Patanjali, wanda ya rubuta shi shekara 1,600 da suka wuce, ko fiye. A cikinsa kalmar asana ma'anarta zama ce kawai, wato mutum ya zauna daram domin ya tattara hankalinsa. Patanjali bai ambaci sunan ko wane irin zama ba, gama nufinsa na addini ne, ba gyaran jiki ba. A ƙarni na 15 aka rubuta Hatha Yoga Pradipika, mai bayanin iri 15. Waɗansu an ba su sunayen dabbobi, kamar zaki da ɗawisu da kunkuru da zakara. A zamanin nan almajiri yakan zauna wurin malaminsa shekara da shekaru, ana koya masa a keɓe.

Babban canji ya zo a 1933, sa'ad da Sarkin Maisur ya buɗe wa Malam Krishnamacharya makaranta a ɗaya daga cikin fadodinsa. Samari ne yawancin almajiransa, shi kuwa ya koya musu su riƙa wucewa daga wannan tsayuwa zuwa waccan ba hutawa. Masana da yawa suna ganin ya haɗa tsohuwar koyarwa da motsa jikin 'yan kokawar Indiya da na Turawa. Yakan kuma kai su garuruwa su gwada a gaban jama'a.

Ɗaya daga cikin samarin nan shi ne Iyengar, ƙanen matarsa. A 1952 Iyengar ya sadu da Yehudi Menuhin, shahararren mai goge irin na Turawa, wanda yawan tafiya da wasa suka gajiyar da shi. Menuhin ya ji amfanin koyarwar a jikinsa, sai ya gayyaci malamin zuwa Suwizalan a 1954. A 1966 Iyengar ya buga littafi mai iri wajen 200 tare da hotuna, Menuhin ne kuma ya rubuta gabatarwarsa. Mai karatu ya lura: daga 15 zuwa 200.

Shekara uku bayan haka yoga ta hau dandalin mawaƙa a Amurka. A watan Agusta 1969 aka yi bikin kiɗa na Woodstock a gonar wani mai kiwon shanu. Kuɗin tikitin kwana uku dala 18 ne ga wanda ya saya tun da wuri, dala 24 a bakin ƙofa, an kuwa sayar da wajen 186,000 kafin ranar. Amma jama'a suka kwararo tun ba a gama kafa shinge da rumfunan tikiti ba, har suka kai wajen 400,000. Ba yadda masu bikin za su yi, sai suka ce kowa ya shiga kyauta, suka tashi da bashin fiye da dala miliyan ɗaya. A ranar fari, 15 ga wata, wani malamin yoga daga Indiya, Swami Satchidananda, ya yi wa taron jawabi, ya kuma bi da su cikin rera kalmomin addu'ar Hindu. Da dare Ravi Shankar ya kaɗa sitar, ruwan sama yana zuba.

Daga nan yoga ta yi ta bazuwa cikin biranen Turai da Amurka, ta zama abin da ake biyan kuɗi a shiga, kamar gidan kiɗa. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni.

Saboda haka abin da ake kira yoga yau igiya ce mai zare biyu. Ɗaya tsoho ne, na ibadar mutanen Indiya. Ɗaya sabo ne, na motsa jiki, bai kai shekara 150 ba. Tikiti ba ya faɗa wa mai saye wanne za a ba shi. Wanda aka gayyata, ya kamata ya tambayi malamin abin da yake koyarwa, da ma'anar kalmomin da za a sa shi ya faɗa. Matambayi ba ya ɓata.