Alfadarai a Ƙofar NASA

Ran 15 ga Yuli 1969, ana gobe kumbon Apollo 11 zai tashi, Ralph Abernathy, limamin cocin da ya gaji Martin Luther King, ya iso Cape Kennedy da iyalai matalauta da amalanken alfadarai. Tambayarsa guda ce: ƙasar da ke da kuɗin zuwa duniyar wata, ya aka yi ƴaƴanta ke kwana da yunwa? Shugaban NASA, Thomas Paine, ya fito ya tarbe su, ya ce da fasa harba kumbon zai magance talaucinsu, da an fasa. Washegari aka harba, su Abernathy suna zaune cikin manyan baƙi.

Shirin Apollo ya lashe wajen dala miliyar 25 na wancan zamani. In ka tambayi ribar, sai a ce maka "retombées", in ji Bafaranshe, wato abin da ya faɗo. Ni kalmar ce ma ta fara sa ni shakka. Abin da ya faɗo ai tsintuwa ne, wa ke tsara kasafin ƙasa bisa tsintuwa? Kuma wasu misalan labari ne kawai. Teflon, na kaskon da abinci ba ya kamawa, tun 1938 aka gano shi a kamfanin DuPont, shekara 20 kafin a kafa NASA. Idon kamarar wayoyinmu dai gaskiya ne, daga ɗakin binciken JPL ya fito bayan 1990, amma ba shi da haɗi da tafiyar wata.

Abin da ya amfane mu nan Sahel da gangan aka ƙera shi don ya dubi ƙasa: tauraron ɗan'adam na yanayi TIROS-1 a 1960, Landsat a 1972, Meteosat na Turai a 1977. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, sanadin babban fari, da irin hotunansu take bin damina da makiyaya. Da su ne kuma masana suka tabbatar manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa, su gawo, a kusan hekta miliyan 5. To ka ga wannan ba tsintuwa ba ne.

Apollo kuwa kuɗi ne suka tsaida shi, aka soke tafiye-tafiye uku. Na ƙarshe, Apollo 17, ya dawo a Disamba 1972. Landsat da aka fara harbawa a shekarar nan yana nan yana aiki, na tara ya tashi a 2021.