Dariya a Gaban Gawa: Barkwanci Mai Ɗaci a Finafinan Ban Tsoro na Japan, 1997 zuwa 2010

Tsakure

Maƙalar ta nazarci finafinai uku na ƙasar Japan: Cure (1997) na Kiyoshi Kurosawa, da Audition (1999) na Takashi Miike, da Cold Fish (2010) na Sion Sono. Dukkansu sun gina ban tsoro a kan zubin labarin binciken laifi, suka gauraya shi da barkwanci mai ɗaci. Matsayin maƙalar shi ne, dariyar da ke cikinsu daga ladabi da kara na yau da kullum take tasowa, kuma ta wannan ƙofa ce makashin yake shigowa.

Gabatarwa

Da an ambaci fim ɗin ban tsoro na Japan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne fatalwa mai dogon gashi ta Ringu (1998) ko ta Ju-on (2002). Akwai wani reshe da babu fatalwa a cikinsa, wanda ya ɗebo daga salon da masu sharhi na Faransa suka laƙaba wa suna noir: birni mai duhu, laifi mai sarƙaƙiya, da mai bincike da shi kansa ba ya fita da tsabta. Salon ya daɗe a Japan. Akira Kurosawa, wanda ba dangin Kiyoshi ba ne, ya yi Stray Dog a 1949, Seijun Suzuki kuma ya mayar da abin shaƙiyanci a Branded to Kill (1967), inda ɗan kisan haya ba ya samun sukuni sai ya shaƙi ƙamshin dafaffiyar shinkafa. Kamfanin Nikkatsu ya sallame shi a shekarar da ta biyo baya.

Kiyoshi Kurosawa da Miike duk sun goge ne a finafinan 'yan daba masu araha da ake kai wa shagunan bidiyo kai tsaye. Sun kuma yi aiki a ƙasar da tattalin arzikinta ya durƙushe a farkon shekarun 1990, inda ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo ranar 20 ga Maris, 1995. Cikin waɗanda suka aikata har da likita da masu digiri a kimiyya.

Cure: Tambayar da ta gagari hukuma

Ana ta samun gawawwaki an tsaga musu alamar X daga wuya zuwa ƙirji. Kowane kisa da mai yinsa daban, kowa kuma ya amsa laifinsa, amma ya rasa dalili. Ɗan sanda Takabe, wanda Koji Yakusho ya fito a matsayinsa, ya gano cewa duk sun haɗu da wani saurayi, Mamiya, tsohon ɗalibi mai larurar mantuwa, wanda ke juya hankalin mutane da harshen wutar laita ko da ruwan da ya zube.

Makamin Mamiya tambaya ce: kai wane ne? A fitowar da aka gurfanar da shi gaban manyan jami'an 'yan sanda, wani babba ya faɗi sunansa da muƙaminsa, Mamiya ya sake tambaya tamkar bai ji ba. Mai kallo yana dariya don an kwance wa mai muƙami zani a kasuwa. Sai dai tambayar nan ita ce ta sa wani malamin makaranta ya kashe matarsa a baya. Malamin ya tsinci Mamiya ne a bakin teku, ya kai shi gida saboda tausayi, ya yi ta ba shi amsa don kunya ta hana ya kore shi.

Kyamarar ma da gangan take nesa-nesa. Lokacin da wani ɗan sanda ya harbe abokin aikinsa a ƙofar ƙaramin ofishinsu, da rana tsaka ne, ba kiɗa, ba matsowa kusa. Ya yi harbin cikin natsuwar da yake sauran ayyukansa. Wannan rashin daidaito tsakanin girman aika-aika da sanyin yinta shi ke haifar da dariyar da mutum zai yi, ya waiwaya ko an gan shi.

Audition: Ƙididdigar da ta yi rara

An ciro fim ɗin daga littafin Ryu Murakami. Aoyama, wanda matarsa ta rasu shekara bakwai da suka wuce, ya shirya gwajin 'yan wasa na bogi da abokinsa don ya zaɓi mata. Miike ya ɗauki gwajin da kiɗa mai daɗi kamar wasan barkwanci na soyayya, har mai kallo ya taya maza biyun raha kafin ya lura cewa yaudara ake yi wa mata talatin. Aoyama ya zaɓi Asami saboda sunkuyar da kanta da taushin muryarta.

Bayan ta ɓace ne ya zama mai bincike. A wata mashaya da ta ce tana aiki, aka shaida masa cewa an yi gunduwa-gunduwa da mai wurin, kuma da 'yan sanda suka harhaɗa sassan sai suka tarar da rarar yatsu uku, da kunne, da harshe. Labari ne na ƙazanta da aka faɗa da sigar lissafi. Da Asami ta zo soka masa allurai, ba ta canza muryar da ya so ta dominta ba.

Cold Fish: Alherin da ya zama bashi

Sono ya samo labarin daga kisan da Gen Sekine, mai sayar da karnuka a Saitama, ya yi tare da tsohuwar matarsa a 1993, sai ya mayar da sana'ar ta kifayen ado. An kama 'yar jarumin fim ɗin, Shamoto, tana sata a kanti. Wani mai sayar da kifayen ado, Murata, ya shiga tsakani da wasa da dariya, ya ba ta aiki a katafaren shagonsa. Daga ranar Shamoto ya rasa bakin cewa a'a. Ya zauna yana kallo aka shayar da wani mai zuba jari guba, ya kuma tuƙa gawar zuwa wani gida a kan dutse, inda Murata da matarsa ke daddatsa ta suna zolayar juna.

A ganin wannan nazari, a nan ne dabarar ta fi fitowa fili, a nan kuma ta fara rauni. Muddin Murata na raye, ban dariyarsa da muguntarsa abu ɗaya ne, kuma rawar Murata da Denden ya taka, wanda ya fara sana'a a matsayin ɗan barkwanci, ta cancanci kyautar Japan Academy da ya samu. Da aka kashe Murata, Shamoto ya gaje halinsa, sai kara ta ƙare, jini da cin zarafin mata suka cika sauran fim ɗin, barkwancin ya koma ihu. Kiyoshi Kurosawa ya koma kan wannan matsala a Creepy (2016), inda ya bar makashin, wani maƙwabci mai suna Nishino, yana gaisuwa da karɓar tukunyar miya.