Yadda Tsoro Ke Sauya Kunne da Hanci



Tun ranar da na tsira daga haɗarin mota, ƙaurin taya kaɗai ya isa ya sa gabana faɗuwa, har in ji kamar ƙarar birki a kunnena. Na daɗe ina zargin kaina da ragwanta, sai da na bibiyi tarihin binciken tsoro.

A 1920, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka riƙa nuna wa wani jariri farin ɓera, suna buga ƙarfe da guduma a bayansa. Ba a jima ba ya fara kuka da ganin ɓeran, har ma da zomo. Gwaji ne na rashin tausayi, amma ya nuna cewa ana koyon tsoro. A 1949 Donald Hebb ya kawo bayani: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke motsawa tare, alaƙarsu ƙaruwa take yi. Daga baya binciken Joseph LeDoux ya nuna cewa wani ɗan sashe mai suna amigdala ne ke ƙulla sauti da haɗari.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo a 1990. Norman Weinberger da Jonathan Bakin suka haɗa wani sauti da ɗan jan lantarki ga ɓerayen Masar, sai ƙwayoyin sashen ji suka karkata ga wannan sautin. A 2008 kuma Wen Li da abokan aikinta suka ba mutane ƙamshi biyu da ba sa iya bambantawa. Da aka haɗa ɗaya da jan lantarki, sai suka fara rabe su, sashen sansana ma ya sauya. Ashe tsoro har kunne da hanci yake sake wa tsari.

Amma akwai bushara. Tun 1924 Mary Cover Jones ta raba wani yaro da tsoron zomo, tana matso da zomon sannu a hankali yayin da yaron ke cin abin da yake so.

Don haka, ɗan uwa, idan ka ga wanda ya tsira daga tashin bam yana zabura da bugun ƙofa, kada ka yi masa dariya. Ka zauna kusa da shi, ka raka shi wurin likita. Allah ya ba mu kwanciyar hankali, amin.