Eddy Merckx: Zakaran tseren keke na Beljiyam

A tarihin tseren keke na duniya ba a yi wanda ya tara nasarori kamar Eddy Merckx ba. An ƙiyasta cewa ya yi nasara a tsere 525 kafin ya jingine kekensa a shekarar 1978.

An haife shi ranar 17 ga watan Yunin 1945 a ƙauyen Meensel-Kiezegem, amma ya tashi ne a wata unguwa ta birnin Brussels, inda iyayensa ke da kantin kayan masarufi. Ya zama zakaran duniya na rukunin 'yan sa-kai a 1964, kana ya shiga sahun ƙwararru a 1965.

Gasar 1969

Tour de France, wato tseren kewaya Faransa na makonni uku, ita ce gasa mafi girma a wannan wasa. Rabon da ɗan Beljiyam ya ci ta tun 1939, sai da Merckx ya shige ta a karon farko a 1969.

Saura ƙiris bai shiga ba. A watan Yunin shekarar an kore shi daga gasar Giro ta Italiya yana kan gaba, bayan gwaji ya nuna ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Ya musanta zargin, aka kuma janye dakatarwar da aka yi masa.

Abin da ya yi a Faransa har yanzu ana zancensa. Bisa al'ada, wanda ke kan gaba a jimillar lokaci yakan lallaɓa ne cikin ayari don ya kare tazararsa. Shi kuwa Merckx, a tsaunukan Pyrenees, sai ya ɓalle ya bar kowa, ya yi tafiyar kilomita fiye da 100 shi kaɗai, ya isa garin Mourenx da ratar kusan minti takwas, alhali ba ya bukatar ko daƙiƙa ɗaya daga ciki. Ya kammala gasar da tazarar kusan minti 18, ya haɗa da kambin gwanin hawan tsauni da na yawan maki.

Wannan rashin ƙoshi da nasara ne ya sa aka laƙaba masa suna "mai cin naman mutane", don ko ƙaramin tsere ba ya barin wani ya ɗanɗana.

Hatsarin Blois

A watan Satumban 1969, a filin tsere na garin Blois, ya yi mummunan hatsari a irin tseren da ɗan keke ke bin bayan babur. Mai babur ɗin da ke jan sa, Fernand Wambst, ya rasu. Merckx ya ji rauni a baya da ƙugu, ya kuma sha faɗin cewa tun daga ranar hawan tsauni ya zame masa azaba.

Abin mamaki shi ne, yawancin nasarorinsa bayan wannan rauni suka zo. Ya ci Tour de France sau biyar, Giro sau biyar, gasar Vuelta ta Sifaniya a 1973, da kambin duniya sau uku. A 1972, a birnin Meziko, ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin sa'a guda, bajintar da ba a wuce ta ba sai a 1984.

Sai dai batun ƙwaya bai rabu da shi ba, domin an sake samunsa da laifi a 1973 da 1977.

Naushi a kan dutse

Da yawa daga 'yan kallo a Faransa sun gaji da ganin baƙo yana cinye gasarsu. A 1975, yana neman kambi na shida, wani ɗan kallo ya nushe shi a ciki lokacin da yake hawan dutsen Puy de Dôme. Bayan 'yan kwanaki ya faɗi ya karya ƙashin kunci. Ya ƙi janyewa, ya ƙare a matsayi na biyu bayan Bernard Thévenet na Faransa. Daga nan bai sake cin gasar ba.

Bayan ya yi ritaya ya kafa kamfanin ƙera kekuna mai ɗauke da sunansa a 1980. Sarki Albert na biyu ya ba shi sarautar Baron a 1996, kuma ɗansa Axel ya sami lambar tagulla a wasannin Olympics na birnin Athens a 2004. A ƙasar da masu magana da Faransanci da masu harshen Flemish ke yawan saɓani, kowane ɓangare na ɗaukarsa nasa.

Zango 34 da ya ci a Tour de France sun kasance tarihi har 2024, lokacin da Mark Cavendish na Birtaniya ya ci na 35. A wannan shekarar ce kuma Tadej Pogačar na Sloveniya ya haɗa Giro da Tour da kambin duniya cikin shekara guda, abin da Merckx ya fara yi a 1974.